Tabon Auta da Goshin Hedimasta

Daga Hedimasta mai ritaya, zuwa ga ɗiyar ƙanwarsa, wadda yanzu ake kira Marubuciya

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa irin wadda zumunci ya wajabta mini, ba wadda zuciyata ta so ba, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki mai harhaɗa magunguna, wanda nake mamakin yadda ya rasa ƙwayar da zai ba ki tun ciwon rubutu bai kai ki maɗaba'a ba. Mu nan lafiya lau, in an cire gwiwata ta hagu, da hawan jinin uwargidana Goggonki, da kuma mutuncina, wanda ya rasu kwanan baya bayan gajeriyar jinya. Inna, Kakarki, kuwa jiki sai a hankali. Idon ya tafi gaba ɗaya, abinci sai an yi ta lallashi take karɓar ɗan abin da ba zai ƙosar da tsuntsu ba, kuma ta sa an juya mata gado yana fuskantar falo. Likita ya duba ta, ya rufe jakarsa a hankali, irin rufewar da ba na so.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na karanta littafinki, Tabon Jinjirin Wata. A ƙarƙashin matashin Goggonki na kama shi, bangonsa duk ya yi laushi saboda yawan hannu. Ni da na karanta tarihin dauloli, da falsafa, da ilmin taurari, ni da na bi ƙamus tun daga bango har bango ina yi masa gyara, sai ga ni da furfurata ina bin labarin wani saurayi mai idanu kamar an wanke da madara, wanda mugun yayansa, malamin makaranta, ya kama wasiƙar soyayyarsa, ya gyara ta da jan biro, ya karanta ta a gaban ɗalibai a layin safe, yaron ya fita daga gida yana kuka a bakin get, ba a sake ganinsa ba.

Ina tambayar ki, kuma ina son amsa a cikakkiyar jimla: malaman makaranta nawa ne a danginmu? Ƙannai nawa suka ɓace mana? Auta ɗaya ne, ƙanena, kuma sama da shekara talatin ke nan gidan nan ya ja bakinsa ya yi shiru a kan maganarsa, sai ke da kika zo hutu kina cin abincina kina naɗar sirrina kika fito da ita kasuwa. Domin tarihi kuma ina so a sani: waccan wasiƙar cike take da kurakurai, gyara kuwa aikina ne.

Da a nan kika tsaya da da sauƙi. Sai kika sa wa mugun suna Jan Biro. Yau mai gyaran keke na tsallaken titi, wanda na koya wa ƙirga yatsunsa, in na fito sai ya ɗaga sifana ya ce, "Barka da fitowa, Jan Biro!" 'Yan mata suna wucewa ta ƙofar gidana suna nuna ni da leɓe. Sannan kika zana gidan kamar mai shirin sayar da shi: koren get, famfon tsakar gida mai ɗiga, bishiyar lemun tsami, har shagon mai gyaran keken. Makaho ma in an karanta masa zai iya kawo kansa.

Sun kuwa fara kawo kansu. Tunda kin rubuta cewa ɓataccen yana da tabo mai siffar jinjirin wata a wuyan hannunsa na dama, kuma tsohuwa tana jiran sa a gida mai ɗakuna da fili, sai ƙannaina suka fara yawa. Na farko ya faɗo jikina yana "Yaya! Yaya!", ya jiƙa mini riga da majina, ga shi ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da Auta ya tafi. Na biyu ya girme ni.

Abu ɗaya ne ke sanyaya mini rai. Kin san ƙofar da ke tsakanin baranda da falo, wadda marigayi mahaifinmu ya yanka daidai tsawonsa, shi kuwa Allah bai ba shi tsawo ba. Labule yana rufe katakon samanta. Duk baƙon da ya taho da gudu zai rungumi gādo, goshinsa ne ke fara gaisawa da katakon nan, gam! Wannan ƙarar ita ce kaɗai waƙar da nake saurare a kwanakin nan.

Ina umartar ki da ki janye littafin nan daga hannun jama'a, ki kuma rubuto takardar neman gafara, da rubutu mai kyau.

Kawunki, wanda kika binne da ransa.

Daga Marubuciya, zuwa ga Kawunta Hedimasta

Wa alaikumus salam, Kawu.

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Goggo, ina yi wa gwiwarka sannu, ina kuma yi maka ta'aziyyar mutunci, Allah ya ba da haƙurin rashi. Maigidana yana gaisuwa, ya ce ciwon rubutu a dangin uwata na gaje shi, ba ya jin magani. Ni kuwa jiki ya yi nauyi, likita ya hana ni doguwar tafiya sai bayan Allah ya sauke ni, in ba haka ba da ƙafata zan kawo maka wannan amsa. Abin da ka faɗa game da Kaka ya hana ni sukuni.

Ka nemi cikakkiyar jimla, ga ta: ba zan janye littafin ba. Ka nemi takardar neman gafara, ita ma tana nan tafe, ranar da na ga taka.

Ka ce gidanku ya yi shiru a kan maganar Kawu Auta. Kai ka yi shiru, Kawu. Kaka ba ta yi ba. Zuwana na ƙarshe, kana baranda kana yi wa jarida gyara, ta kama hannuna ta ce, "Ke da kike yawo cikin takardu, ba za ki nemo mini yaron nan ba? Ko muryarsa ce in ji kafin a rufe ni." Na tambaye ta ko an taɓa cigiya. Ta ce sau ɗaya aka rubuta sanarwa za a kai gidan rediyo, ka karɓa za ka duba, har yau kana dubawa.

To ni ba ni da rediyo, ba ni da 'yan sanda. Abin da na sani shi ne littafin soyayya yana shiga inda littattafanka na falsafa ba su taɓa leƙawa ba. Yana shiga kicin, yana shiga shagon tela, yana kwana a aljihun direba, mutum goma su karanta kwafi ɗaya har ya rabu gida biyu. Na zana get da famfo da bishiyar lemun tsami ne domin in yana raye, ko 'ya'yansa suka karanta masa, ya san gidan yana nan, uwarsa tana nan, gadonta yana kallon ƙofa. Ba don in tozarta ka na yi ba. Da tozarci na nufa, da na sa labarin ranar da ka tsayar da ɗaurin auren maƙwabci don ka gyara katin gayyata.

Ka ce na mai da kai mugu. Na rage ma, Kawu. Yaro ɗan sha bakwai, wasiƙarsa ta farko, yarinyar tana tsaye a layi na gaba, kai kuma kana karantawa kana tsayawa don a yi dariya. Da na rubuta yadda aka ba ni labarin, masu karatu za su ce na cika ƙari.

Batun masu zuwa da ƙarya, na san za a yi, ina ba da haƙuri a kan rigarka. Ka daure ka riƙa ganin kowa. Cikin ɗari ɗaya muke nema. Ƙofar falo kuwa wallahi ban taɓa lura da ita ba, ka san ni tsawon kakana na ɗauko, shi ya sa ba ta cikin littafin.

Ka shafa mini kan Kaka, ka ce mata ina nan ina nema.

'Yarka, mai biyayya a inda biyayya ta dace.

A gefen takarda, a tsaye, saboda fili ya ƙare: Ba sai na tuna maka ba, ka fi ni sani, Kawu Auta ba shi da wani tabo. Ni na ƙirƙira shi don ya zama rariya. Duk wanda ya nuna maka tabo a littafi ya gani, ka sallame shi. Wanda ya zo hannu lafiya lau, shi za ka zaunar.

Daga Hedimasta mai ritaya, zuwa ga Marubuciya

Assalamu alaikum.

Gaisuwa a taƙaice, gwargwadon ladabin da na samu. Allah ya raba ki da nauyin lafiya, ya sa abin da za a samu ya biyo dangin uba. Gwiwata tana nan. Kakarki ta koma ruwan shayi kawai, shi ma sai Goggonki ta yi kamar za ta yi kuka.

Ga wasiƙarki nan na mayar miki a cikin wannan ambulan, na duba ta, na ba ki huɗu bisa goma. Za ki ga na ja dogon layi a kan abin da kika cusa a gefen takarda. Ban karanta ba. Tun ranar da na fara riƙe alli ban taɓa karanta abin da ɗalibi ya rubuta a wajen layin gefe ba, ko da amsar ce daidai, kuma ba a kanki zan fara ba. Wanda yake da magana ya shigo da ita cikin shafi kamar mai mutunci.

Tunda kin ƙi kashe wutar da kika kunna, na kafa tsari. Na ajiye tebur a falo, da kujera, da kwanon ruwa, da sabulu, da gilashin ƙara girman rubutu. Na sake karanta littafinki har sau da dama, ba don daɗi ba, don tattara hujja, har na haddace siffar tabon: wuyan hannun dama, baki biyu suna kallon sama. Da farko na yi ta ƙoƙarin tuna yadda Auta ya same shi, abin ya ƙi zuwa. Sai Goggonki, wadda ta zo gidan nan bayan tafiyarsa amma ta fi kowa sanin tarihinsa tun da ta karanta ki, ta ce ai butar shayi ce ta ƙona shi yana rarrafe. Tana faɗa kuwa na tuna butar, mai murfi a lanƙwashe. Na je na tambayi Inna don tabbatarwa, ta juya fuska bango ta ce, "Kai da ka goya shi kake tambaya ta?" Wannan a wurina tabbaci ne.

Sakamakon jarrabawa ya zuwa yau: kowa ya faɗi. Wani tabonsa ya bi ruwan sabulu. Wani nasa a hannun hagu yake, ya ce ai da can a dama yake. Wani nasa ɗanye ne sharaf, har na sa Goggonki ta ɗaure masa. Dukkansu kuma sun gaisa da katakon ƙofa, har fentin wurin ya fara tashi.

Sai na jiya, wanda shi ne dalilin wannan wasiƙa, domin ki san irin mutanen da rubutunki yake jawo wa gidan mutunci. Wani ƙato ne, mai sanƙo, mai tumbi, gemu rabi fari, riga duk baƙin mai, ko kusa ba shi da idanun madara. Bai ce Yaya ba, bai yi kuka ba, bai ware hannu ba. Ya tsaya a tsakar gida yana kallon famfo, ya ce, "Har yanzu ba a gyara wannan ba?" Sannan ya nufo falo. Na gyara zama ina jiran waƙata. Sai mutumin nan, ba tare da ya ɗaga labule ya duba ba, ya sunkuyar da kai ya wuce sumul. Ko wannan ɗan jin daɗin ya hana ni.

Ya jefa littafinki a kan teburina, ya ce, "Wa ya rubuta wannan shirmen? 'Ya'yana mata sun hana ni sakat, sai dariya suke yi mini. Ni ban yi kuka a bakin get ba. A gyara."

Na ce, "Malam, a nan ana bin tsari. Miƙo hannun dama."

Ya ce, "Na me?"

Na ce, "Na tabo."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya miƙo. Na wanke, na goge, na sa gilashi. Fata lafiya lau, ko ƙurji babu. Na ce masa sauran aƙalla sun yi ɗawainiyar shiri, shi kuwa ya zo jarrabawa ko fensir babu. Na nuna masa ƙofa.

Ya ce, "Jan Biro, ashe har yanzu kana nan yadda kake." Kin ji abin da littafinki ya koya wa jama'a. Ya ce shi direban babbar mota ne, motarsa tana garejin tasha ana gyara, da zarar ta tashi zai tafi, kuma ba zai sake taka gidan nan ba. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ya sake sunkuyawa ya fita.

Abin da ya ƙara ɓata mini rai, yana baranda Kakarki ta ɗaga murya daga ɗaki, muryar da rabon da in ji ta da ƙarfi haka na manta, ta ce, "Wa ya shigo bai bugu ba?" Don kada in tayar mata da hankali a kan banza, na ce mai duba mitar lantarki ne.

Kin ga abin da kika jawo.

Kawunki, mai tsaron ƙofa ba da son ransa ba.

Daga Marubuciya, zuwa ga Kawunta Hedimasta

Kawu,

Gaisuwa tana nan, lafiya tana nan, ba su ne a gabana ba. Ga magana a tsakiyar shafi, nesa da kowane gefe, da manyan baƙaƙe yadda ba ka da mafaka:

BABU TABO. BA A TAƁA YIN TABO BA. NI NA ƘIRƘIRA SHI.

Abin da ka ja wa layi ke nan ba ka karanta ba. Butar shayi kuwa, Goggo a babi na biyu ta gan ta, kai ma can ka gan ta. Kai da kake raina littattafan soyayya, ka haddace nawa har ya kore maka ƙuruciyar ƙanenka daga ka!

Ka zauna ka yi tunani, in jan biro zai bar ka. Ƙofar falo ba ta cikin littafina. Duk wanda littafi ya kawo sai ya bugu. Wane ne zai sunkuya bai duba ba, in ba wanda ƙofar ta rene shi ba? Wane baƙo ne zai yi wa famfo faɗa? Wane maƙaryaci ne zai zo neman gādo da zagi? Tsohuwa makauniya tana kwance a ɗaki ta gane ɗanta da kunne, kai da ido biyu da gilashi ka wanke masa hannu da sabulu ka kore shi. Karo na biyu ke nan, Kawu. Mai duba mita!

Ka ajiye takardar nan yanzu, kada ka ba ta maki, ka sa takalmi ka tafi tasha. In motar nan ta tashi, in Kaka ta tafi ba ta ji muryarsa ba, wallahi littafi na gaba da sunanka zan saka ka, ba zan sauya ko hularka ba.

'Yarka.

Daga Marubuciya, zuwa ga Kawunta Hedimasta

Kawu,

Wata ya kusa zagayowa ban ji daga gare ka ba. Kullum maigidana sai ya biya gidan waya ya dawo hannu wofi. Ban sani ba ko wasiƙata ce ta ɓata, ko motar ce ta tashi, ko abin da nake tsoro ne ya faru kuka ɓoye mini saboda halin da nake ciki. In fushi kake yi, ka yi da ni, amma ka rubuto kalma ɗaya: Kaka tana nan? Ko zagi ne ka aiko, zan gane rubutunka in san gidan yana tsaye.

'Yarka.

Daga Hedimasta mai ritaya, zuwa ga Marubuciya

Assalamu alaikum.

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki. Kakarki tana nan. Na sa wannan a farko ba don kin umarce ni ba, sai don tsarin rubutu ya nuna a fara da mafi muhimmanci. Gwiwata ta samu abokin ciwo, za ki ji bayani.

Wasiƙunki biyu sun iso lafiya, gidan waya ba shi da laifi. Ta farkon na ajiye ta a kan kabad ban buɗe ba, a matsayin horo, kamar yadda ake tsayar da ɗalibi mai tsiwa a bayan aji. Da ta biyu ta zo na ɗora ta a kan 'yar'uwarta. Goggonki ce, wadda ba ta san darajar horo ba, ta kwashe su ta shiga kicin. Can sai ga ta a kaina da ludayi a hannu, tana karanta mini manyan baƙaƙenki da muryar da maƙwabta suka amfana. Na ce mata ai ita ta kawo maganar buta. Ta ce, "Ni na goya shi?" Ta ajiye mini takalmi a gabana. Ban ga amfanin tsawaita muhawara da mai riƙe da ludayi ba.

Na isa tasha da kwat ɗina da sandata. Tun daga bakin shiga direbobi suka ɗauka, "Ga Jan Biro! A ɓoye wasiƙu!" Na ratsa su kamar ban ji ba, na tambayi mai garejin ko motar wani mai sanƙo ta tashi. Ya yi dariya ya ce, "Baba, motar nan tuni ta warke. Kullum da safe sai ya kwance wani abu a injin, da yamma ya mayar, ya ce bai gamsu da ƙararta ba. Mai kaya har ya gaji ya ba wani."

Ya nuna mini wata babbar mota. Ƙafafu biyu ne kawai suka leƙo daga ƙarƙashinta. Ni da na yi jawabi a gaban masu duba makarantu, sai ga ni ina yi wa tafin ƙafa magana.

Na ce, "Kai mai ƙafafu, fito."

Ya ce, "Hannu aka zo dubawa? Ka zo da sabulunka?"

Na ce, "Inna ba ta cin abinci."

Ƙarar sifana ta tsaya. Can ya ce, "Na ji muryarta ranar. Na kuma ji abin da ka ce mata. Je ka kira mata mai duba mita."

Na ce, "In ka ji ta, me ya hana ka juyowa?"

Ya ce, "Kai ka kore ni, a gaban teburinka. Na rantse ba zan shiga ba sai ka zo da ƙafarka ka ce in zo."

Na ce, "To ga ƙafar, har da mai ciwon."

Ya ce, "Ƙafa na gani. Ban ji magana ba."

Direbobi sun kewaye mu, har da masu tsayawa a kan taya don su gani da kyau. Na gyara tsayuwa, na ce, "Auta, taso mu tafi gida." Ina so a rubuta a tarihi cewa wannan umarni ne, ba roƙo ba, ko da wasu sun ce muryata ta yi rawa. Hayaƙin mota ne.

Ya fito, ya goge hannu a riga, muka kamo hanya muna faɗa. Ya ce na tsufa ban yi hankali ba. Na ce ya yi tumbi bai yi ladabi ba. Ya ce wasiƙar tasa ba ta kai munin da na nuna ba. Na ce ina iya kawo masa kurakuran da ka. Haka muka shiga get, muka wuce famfo, ina gaba yana baya, na juyo ina kawo masa na uku, sai gam!

Ni. A ƙofar ubana, wadda nake wucewa tun kafin in san sunana. Na zauna a ƙasa, hula a gefe, jini yana bin hancina, taurarin da na karanta a littafi duk suka zo gaishe ni. Daga ɗaki sai muryar Inna, a gajiye: "Wani maƙaryacin ne kuma. Ku ba shi ruwa ya tafi."

Auta ya tsallake ni, ya sunkuya, ya shige. Ban ji ya yi sallama ba, takunsa kawai na ji a kan siminti. Sai ta ce, "Wannan fa? Auta, sai yanzu?" Na rarrafa na leƙa. Ko lalubar hannunsa ba ta yi ba. Kunnensa ta laluba ta kama, ta murɗe shi da ƙarfin da likita ya ce ba ta da shi, ƙaton nan yana durƙushe yana "Inna, a yi haƙuri, Inna, zai cire." A ranar ta cinye kwano guda daga hannunsa, da baƙin mai a farcensa, ni da nake wanke hannu sau biyu ba ta taɓa karɓar rabin haka daga gare ni ba. Likita ya ce kada mu sa rai da yawa. Ita kuwa ta ce a juya mata gado yadda yake da, ta gaji da kallon ƙofa.

Kada ki ɗauka na huce. An yi mini ɗinki a goshi, kuma saboda gefen katakon a lanƙwashe yake, abin ya warke da baki biyu suna kallon sama. Ma'aikaciyar jinyar da ta cire zaren, wadda na ga littafinki yana leƙe daga aljihunta, ta tsaya ta ƙura mini ido, ta ce, "Baba, ashe kai ne ka ɓata?" Na laluba aljihu in gyara mata, na tarar na bar biron a gida.

Auta ya gyara famfo, yanzu ba na iya barcin rana saboda shirun. Ya ce in gaya miki lallai a cire kukan bakin get a bugu na gaba. Ni shaida ne, a wancan karon bai yi ba.

Kawunki, mai tabo.

A gefen takarda, a tsaye, da jan biro: Inna ta ce Allah ya sauke ki lafiya, ki kawo mata abin da aka samu da wuri, tana jira. Littafin kuma, tara bisa goma. Na cire ɗaya saboda idanun madara.